Dutse Mai Aman Zoɓo

A farkon zangon karatu na 1978, lokacin da kuɗin mai ya sa ba a yin wata guda ba a buɗe sabon gini a Sabha ba, wata makarantar sakandare ta maza a wannan birni na Sahara, kudu da Tarabulus, ta wayi gari babu malamin labarin ƙasa. Bamisiren da ke riƙe da darasin ya tafi hutu gida, bai dawo ba, bai kuma aiko da wasiƙa ba. Shugaban makarantar, wanda kowa ke kira mudir, ya jira mako uku, sannan ya aika a kira masa Malam Muƙaddas.

Muƙaddas Bakano ne. Ya yi kwalejin horon malamai a gida, ya ƙaro Larabci a Sudan, amma da ya iso Sabha aikin da ya samu shi ne kula da ɗakin gwaje-gwaje. Shekara biyu ke nan yana wanke kwalabe yana jera su, yana jin muryar wasu malaman ta bango.

"Ajin aro zan ba ka," in ji mudir. "Nan da mako biyu mufattish zai zo daga Tarabulus duba malamai. In ya zauna a darasinka ya gamsu, ajin ya zama naka. In bai gamsu ba, kwalabenka na nan suna jiran ka."

Muƙaddas ya buɗe manhaja ya ƙirga kwanaki. Ranar da mufattish zai zo, darasin ya faɗa kan dutse mai aman wuta. Littafin ɗalibai ya ba abin shafi ɗaya da rabi, da hoto guda na wani dutse a Italiya, wanda tawada ta yi wa yawa har ba a bambance dutsen da hayaƙin. Ɗaliban ajin talatin da huɗu ne, kuma gwanayen hadda ne. Za su iya karanto masa shafin nan da ka, ba tare da ko ɗaya ya san abin da ake nufi ba. Labari kuwa ya riga ya iso cewa mufattishin nan ya taɓa fita daga wani aji tun ba a yi rabin darasi ba, don malamin bai ɗaga kai daga littafi ba.

Ya koma ɗakin gwaje-gwaje ya sake bincika akwatunan da aka kawo daga Turai bara. Akwai madubin ƙara girman abu guda ashirin da huɗu, da ƙwarangwal na roba, da ma'aunai har yanzu a cikin ledarsu. Garin da littafin malami ya ce a haɗa ya yi kumfa ya taso, shi ne babu. An rubuta a takardar kayan cewa yana tafe.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya bi Malam Sallaou gida cin abinci. Sallaou mutumin Damagaram ne, shi ke koyar da Faransanci a makarantar, yana zaune a unguwar Tayuri a wani gidan bulo mai rufin kwano wanda ya gina rabinsa da hannunsa. Su biyun ne kaɗai masu jin Hausa a cikin malamai, kuma ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba, yadda Kanawa da Damagarawa suka gada.

"Bawana," in ji Sallaou yana shimfiɗa tabarma, "yau fuskarka kamar an ƙwace maka rumfa a kasuwa."

"Dutse nake nema wanda zai yi aman wuta a cikin aji, ranar Talata ta sama, ƙarfe goma."

"Ba a saidawa a Kurmi? Ni dai na ji an ce komi akwai a Kano."

"Akwai. Har Badamagare mai hankali an taɓa kawowa, amma ba a daɗe ba aka gane jabu ne."

Fassouma, matar Sallaou, tana gefen tsakar gida tana miyar yakuwa. Ta ɗanɗana, tsami ya sa ta yamutsa fuska, ta ɗebo ruwan kanwa ta zuba. Miyar ta taso da kumfa har bakin tukunya, ta zubo ta gefe. Muƙaddas ya bar maganar da yake yi ya miƙe tsaye.

"Uwargida, don Allah sake yi."

"In sake me, Malam? Miyar ce ta zube."

"Zubewar nake so."

Ta dubi mijinta. Sallaou ya ce a ƙyale shi, Bakano ne, bai taɓa ganin abu ya zube a banza ba sai yau.

Bayan an ci abinci suka zauna su uku da kofuna da kwalbar lemo. Fassouma ta ce ruwan tsamiya ya fi yakuwa tsami, aka jiƙa. Kumfar ta taso amma ta kwanta da wuri, sai aka barbaɗa garin sabulu, ta tsaya. Muƙaddas ya ce narkakken dutse ja ne, nasu kuwa ya fito kamar ruwan wanki. Fassouma ta shiga ɗaki ta ɗebo zoɓo ta tafasa. Kafin la'asar sun tsaya kan ma'auni guda: cokali uku na garin kanwa a cikin kwalba, kofi biyu na ruwan tsamiya da zoɓo, da sabulu kaɗan. Kumfar ta fito ja wur, ta gangaro jikin kwalbar a hankali.

Muƙaddas ya ce an gama. Sallaou ya ce ba a ma fara ba.

"A lakwal ɗin da aka horar da mu aikin koyarwa, mushen, wato malamin, da ya yi komi shi kaɗai yara na kallo, ɗan dabo ake ce mishi. Kai ka zuba, kai ka yi bayani, kai ka yi murna. Su fa?"

"Su kalla su gane."

"Su kalla su tafa. In kana so yaro ya kula da inda ruwa zai bi, ka sa mishi gida a hanyar."

Daga nan tsarin darasin ya fito, suka rubuta shi a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Ɗalibai ne za su gina dutsen da laka. Kowane ɗalibi zai kawo akwatin ashana ya rubuta sunansa a jiki, ya ajiye a matsayin gidansa a inda yake ganin narkakken dutse ba zai kai ba, ya kuma faɗi dalilinsa. Biyu za su riƙe agogo, huɗu su auna nisan da kumfa ta kai ta kowace fuska, sauran su zana cikin dutsen kamar an tsaga shi biyu. Sun yi gardama kan ko a yi wa dutsen kwazazzabo ta gefe ɗaya. Muƙaddas ya ce a yi, don a ga ruwa na bin kwari. Sallaou ya ce a yi amma kada a faɗa wa kowa amfaninsa.

Aka kwanto tsohon ƙyauren sito aka ɗora kan tebur biyu. Kwana uku ɗalibai suna kwaɓa laka a lokacin hutu, suna lulluɓe kwalbar da ita har dutsen ya kai ƙirjin mutum in an haɗa da tsayin teburin. Mudir ya leƙo sau ɗaya, ya dubi lakar da ke ƙasa, ya fita. Ranar Litinin bayan an tashi, malaman biyu suka gwada su kaɗai. Kumfa ta bi kwazazzabo, ta tsaya tun ba ta kai rabin ƙyauren ba. Suka wanke, suka bar dutsen ya sha iska.

Ranar Talata Sallaou ba shi da darasi a sa'a ta uku. Ya ce wa Muƙaddas ya je ya tari baƙo, shi zai zuba kanwa a kwalba kafin su iso.

Mufattish dattijo ne gajere, mai furfura, da alƙalami biyu a aljihu. Ya ƙi kujerar da aka ajiye masa a gaba, ya zauna a bencin ƙarshe, ya buɗe littafinsa. Muƙaddas ya yi bayani na minti bakwai da Larabci, ya zana ɓawon ƙasa da abin da ke tafasa a ƙarƙashinsa. Sannan ya ce kowa ya fito da gidansa.

Ajin ya rikice na ɗan lokaci. Wasu sun gudu can bakin ƙyaure. Wasu sun lura da kwazazzabon suka koma ɗaya gefen. Wani dogo mai suna Mas'ud, wanda ubansa direban babbar mota ne, ya ajiye nasa a kan wani ɗan tudu kusa da gindin dutsen, ya ce ruwa ba ya hawa tudu. Uku sun gina a cikin kwarin kansa, don wurin ya fi lebur. Da kowa ya gama, Muƙaddas ya ciro akwatin ashana ɗaya daga aljihu, ya nufi bencin ƙarshe.

"Ustaz, a garin nan ba a zama babu gida."

Mufattish ya dube shi, ya dubi akwatin. Ya taso, ya zagaya teburin sau ɗaya, ya ajiye gidansa a kusurwar da ta fi ko'ina nisa da dutsen. Ya tsaya a wurin hannuwansa a baya.

Muƙaddas ya ce wa masu agogo su shirya, ya hau kujera, ya juye kofi biyun a bakin dutsen.

Tun daga sautin ya san ba abin jiya ba ne. Kumfar ta yi tsalle ta wuce bakin dutsen da taƙi guda, ta zubo ta ko'ina. Ta cika kwazazzabo cikin daƙiƙa huɗu, ta kwashe gidaje ukun da ke ciki, ta bazu a kan ƙyauren tana tura akwatunan ashana a gabanta. Ɗalibai suka yi ta kiran sunayen waɗanda gidansu ya tafi. Masu awo suka manta da awo. A bakin dutsen kumfar ja ce, yadda aka tsara. Amma tana gangarowa tana sauya launi: ta yi shunayya a tsakiyar gangara, kafin ta kai ƙasa ta koma baƙi-baƙi. Baƙar kumfar ta ci gaba a hankali, ta kewaye tudun Mas'ud ta bar shi, ta isa kusurwar ƙarshe, ta ɗaga gidan mufattish ta jefar a ƙasa kusa da takalminsa.

Ɗalibai suka juyo suka dubi malaminsu. Muƙaddas yana kan kujera da kofi a hannu. Ya yi wa ɗalibai alkawarin ja, ga shi baƙi ya cika musu tebur, kuma bai san dalili ba.

Mas'ud ne ya fara magana.

"Ustaz, irin na Haruj ne. Babana ya ce in ka yi gabas ka shiga can, ƙasar duk baƙin dutse ce, wuni guda kana tafiya, tana cin taya. Ya ce da can wuta ce ta gangaro ta daskare."

"Haka ne," in ji Muƙaddas. "Narkakken dutse yana fitowa ja saboda zafi. In ya huce sai ya yi baƙi."

Ɗalibai suka sake duban teburin, wannan karon da girmamawa. Ja a sama, baƙi a ƙasa, daidai da bayanin. Mufattish ya sunkuya ya ɗauki jiƙaƙƙen gidansa, ya juya shi a hannu.

"Da gangan ka shirya ya sauya launi?"

Muƙaddas ya sauko daga kujera. Amsa ɗaya ce tsakaninsa da ajin, kuma mai sauƙi ce. Babu wanda ya ga gwajin jiya sai Sallaou, shi kuwa yana tsaye a bakin taga yana nazarin rufin ɗaki. In ya ce e, ɗalibai talatin da huɗu za su tafi gida da cewa kumfar nan hucewa ta yi.

"A'a, Ustaz. Jiya da muka gwada, ja ta fito ja ta tsaya."

Ya juya ga ajin. "Kowa ya sa yatsa a cikin jar da ke sama, sannan a cikin baƙar. Wacce ta fi zafi?"

Suka yi layi suka taɓa. Duka biyun da sanyi.

"To tamu ba hucewa ta yi ba, don ba ta taɓa yin zafi ba. Dutsen Haruj da dalilinsa, wannan da nata, kada ku haɗa su. Nata kuwa ban san shi ba tukuna."

Sallaou ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa. "Tara na zuba."

"Tara me?"

"Cokali. Mutum ya taso tun daga Tarabulus, ka tare shi da cokali uku kamar a gidan Bakano?"

Mufattish ya tambayi abin da abokin aikin ya ce. Muƙaddas ya fassara masa duka, har da maganar gidan Bakano. Dattijon ya ɗan taɓa gashin bakinsa, ya rubuta wani abu.

Saura minti shida a buga ƙararrawa. Akwai ragowar ruwan zoɓo a buta, akwai kanwa a ƙullin leda. Muƙaddas ya aika aka ɗauko kofunan gilashi shida daga ɗakin gwaje-gwaje, ya jera su a bakin taga inda haske yake, ya zuba zoɓo daidai wa daida. Na farko aka bar shi haka. Na biyu aka sa masa kanwa kan cokali, na uku biyu, haka har na shida. Ɗalibai ne suka zuba, su suka juya, su suka rubuta. Na biyu ya yi kumfa ya zauna ja. Na huɗu ya yi shunayya. Na shida ya yi duhu kamar tawada, da ɗan kore a gefen gilashin.

"Me ya sauya launin?"

"Kanwa, in ta yi yawa," in ji murya fiye da goma.

"Me ya sauya na Haruj?"

"Hucewa."

"Me ya sa gidan Mas'ud ya tsira, na mufattish ya tafi, alhali na mufattish ya fi nisa?"

A nan gardama ta kaure. Wasu suka ce tudu, wasu suka ce ƙyauren ne ya karkata ta kusurwar, ɗaya ya ce in aman ya yi yawa nisa ba ya ceto. Aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa. Mufattish da kansa ya ɗora ƙwallon alli a kan busasshen gefen ƙyauren, ya gangara zuwa kusurwarsa, masu cewa karkata suka yi murna. Sai da malamin lissafi ya ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu aka watse.

Bayan azahar aka kira Muƙaddas ofishin mudir. Mufattish ya karanta rahotonsa a tsaye, da murya ɗaya daga farko har ƙarshe. Ya lissafa kurakurai uku: darasi ya wuce lokacinsa da minti goma sha ɗaya; ba a tanadi abin tare ruwa ba, daɓen aji ya ɓaci; malami ya bar awo a hannun wani bai duba ba. Ya juya shafi. Ya ce a shekara goma sha tara yana wannan aiki, malamai huɗu ne suka taɓa ce wa aji ba su sani ba a gabansa, biyu daga cikinsu kuma a nan suka tsaya, ba su nemi amsar ba. Shawararsa ita ce a tabbatar wa Muƙaddas ajin, a ƙara masa na ƴan shekarar farko.

Mudir ya ce madalla, ya sa hannu.

"Abu ɗaya ya rage," in ji mufattish yana mayar da alƙalami aljihu. "Ranar Asabar zan je makarantar Ghuddwa, su ma kayan gwajinsu na tafe. Ka rubuta mini tsarin darasin daki-daki, da gidajen ashana, da kofuna shida. Ka sa ma'aunin yau, ba na jiya ba. Ka rubuta a ƙasa cewa malami ya sa ɗalibai su taɓa da yatsa."

Muƙaddas ya koma ajin ya tarar da Sallaou ya naɗe ƙafar wando yana goge daɓe da tsohon buhu. Ya ɗauki bokiti ya tsuguna kusa da shi.

"Sun bar maka?" in ji Sallaou.

"Sun bar mini. Har da ƙarin aji."

"To alhamdu lillahi. A takardar da za ka rubuta, ka sa sunana a wajen ma'auni."

"Na riga na ga sunanka a rahoto. Kuskure na uku."

Sallaou ya matse buhun a bokiti, ruwan ya fito baƙi. Ya ce Kanawa ba su iya godiya ba tun kakanninsu, ya miƙa masa buhun ya nuna masa ƙarƙashin tebur, inda hannunsa bai kai ba.